Yadda Ake Kallon Gasar Big East, Daga Laraba Zuwa Daren Asabar

Wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare, wayewar garin Juma'a 13 ga Maris 2009, na biyo ta titin Seventh Avenue a birnin New York da tasi ina neman fasinja, sai na tarar da titi ya cika maƙil da mutane sanye da riguna ruwan lemo. Wasu na ihu, wasu sun zube a bakin hanya kamar waɗanda suka yini a gona. Wani dattijo da ɗansa suka shiga motata, muryar dattijon ta dishe, da ƙyar nake jin abin da yake faɗa. Shi ya ba ni labari cewa jami'ar Syracuse ta doke ta Connecticut a wasan ƙwallon kwando da maki 127 da 117, bayan an yi ƙarin lokaci har sau shida, kuma wani yaro mai suna Jonny Flynn ya buga minti 67 cikin minti 70 na wasan. Na buga ƙwallon kwando a Zariya ina saurayi, don haka na san abin da minti 67 ke yi wa ƙafafun mutum. Na tambaye shi ko kofi suka ɗauka. Ya ce a'a, kwata fainal ne kawai, da daren Juma'ar nan za su dawo su sake bugawa.

Tun daga wannan dare ban ƙara barin makon gasar Big East, ta ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka, ya wuce ni ba. 'Yan'uwa da yawa a nan Bronx, da waɗanda ke gida suna bin NBA, gasar ƙwararru ta Amurka, a waya, sukan tambaye ni mene ne abin daɗi a wasan ɗalibai. Wannan rubutu amsarsu ce. Zan bi da kai yadda ni nake yi, tun daga karanta teburi har zuwa kujerar da za ka zauna.

Fara da sanin abin da ake faɗa a kai

Jami'o'in Amurka sun kasu rukuni-rukuni a harkar wasanni, kowane rukuni da gasarsa. Big East ɗaya ne daga cikinsu. Dave Gavitt, wanda ya horar da jami'ar Providence, shi ya jagoranci kafa shi a 1979. An buga gasar ƙarshen kaka ta farko a 1980, kuma tun daga 1983 ba a sake fitar da ita daga Madison Square Garden da ke tsakiyar Manhattan ba. A 2013 rukunin ya rabu saboda kuɗin ƙwallon ƙafar Amurka: manyan jami'o'i irin su Syracuse da Pittsburgh da Louisville suka kama gabansu, jami'o'in Katolika bakwai suka riƙe sunan da filin, suka jawo Butler da Xavier da Creighton. Connecticut, wadda kowa ke kira UConn, ta dawo a 2020. Yanzu ƙungiyoyi 11 ne: UConn, Georgetown, St. John's, Villanova, Providence, Seton Hall, Marquette, DePaul, Butler, Xavier da Creighton.

Daga Disamba zuwa farkon Maris kowace ƙungiya tana karawa da kowace sau biyu, gida da waje, wasa 20 ke nan. Wannan shi ne lig. Da an gama sai a jera su daga ta 1 zuwa ta 11, a kwashe su duka a kai New York, a yi sili-ɗaya-ƙwale cikin kwana huɗu. Wanda ya ɗauki wannan kofi ya samu gurbi kai tsaye a babbar gasar ƙasa ta NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, wadda suke kira March Madness. A 2025 ƙungiyoyi 68 suka shiga waccan babbar gasa: 31 sun shiga ne saboda sun ci kofin rukuninsu, sauran 37 kuwa wani kwamiti ne ya zaɓe su bisa yadda suka taka rawa a kakar gaba ɗaya.

In ka riƙe wannan lissafi na 31 da 37, ka riƙe mabuɗin komai. Duk hayaniyar makon a kansa take.

Wa ya ƙoshi, wa ke jin yunwa

Kuskuren da sabon mai kallo ke yi shi ne ya ɗauka duk ƙungiyoyin 11 abu ɗaya suka zo nema. Ba haka ba ne. Kafin ranar Laraba, zauna da teburin lig ka raba su da kanka.

Akwai waɗanda suka riga suka ƙoshi. Ko an fitar da su a wasan farko, kwamiti zai ba su gurbi. Su abin da suke nema shi ne kofi don martaba, da matsayi mai kyau a jadawalin babbar gasa, da kuma kada wani ɗan wasansu ya ji rauni. Kada ka yi mamaki in irin wannan ƙungiya ta faɗi, kuma kada ka yi gaggawar binne ta. A 2016 Seton Hall ta doke Villanova a wasan ƙarshe da 69 da 67, amma bayan mako uku Villanova, da Daniel Ochefu a tsakiyarta, ta ɗauki kofin ƙasa baki ɗaya. Haka UConn a 2023: Marquette ta fitar da ita a wasan kusa da na ƙarshe, ita kuma ta je ta cinye gasar ƙasa, Adama Sanogo ɗan Bamako ya zama gwarzon zagayen ƙarshe alhali yana azumin Ramadan.

Akwai kuma waɗanda ba su da wata hanya sai su cinye gasar duka. Sun sha kashi da yawa a lig, kwamiti ba zai ko dube su ba. Waɗannan su ne masu haɗari, don wanda ya riga ya jiƙe ba ya tsoron ruwa. Georgetown ta 2021 ita ce misalin da nake bayarwa kullum. Kafin a fara kakar, masu horarwa sun yi hasashen ita za ta zo ta ƙarshe. Ta iso New York tana ta 8, da nasara 9 da rashin nasara 12. Patrick Ewing ne kocinta, Qudus Wahab ɗan Legas ne dogon da ke tsaron ƙarƙashin kwando. Suka doke Marquette, suka doke Villanova da maki ɗaya tak, suka doke Seton Hall, sannan suka yi wa Creighton kaca-kaca da 73 da 48. Watanni kaɗan kafin nan John Thompson, wanda ya gina Georgetown kuma ya horar da Ewing ɗin, ya rasu. Na kalli wasan a gida saboda annobar korona ta hana a cika fili, kuma ban ɓoye ba, na share hawaye.

Amma waɗanda suka fi cancantar ka zuba musu ido su ne na tsakiya, masu tsaye a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Nasara ɗaya ko biyu a New York na iya shigar da su, rashin nasara ɗaya ya mayar da su gida. Don ka gane su, nemi jerin da ake kira NET a shafin NCAA, wato lissafin da kwamiti ke dubawa don auna ƙarfin ƙungiyoyi. A tsarinsu, in ka doke ƙungiyar da ke cikin 50 na farko a filin da ba naka ba kuma ba nata ba, an rubuta maka nasara mai daraja ta ɗaya. Shi ya sa ƙungiyar bakin ƙofa take murna in jadawali ya haɗa ta da babba, don doke ƙarama ba ya ƙara mata komai.

Sai dai kada ka tsaya kan Big East kaɗai a wannan mako, domin a lokaci guda sauran rukunoni ma suna buga tasu gasar. Duk sanda wata ƙungiya mai yunwa ta cinye kofin wani rukuni, to ta ƙwace gurbi ɗaya da wata ƙungiyar bakin ƙofa ke sa rai da shi, tunda manyan wancan rukunin dama za a ɗauke su. Abin da ya faru a 2024 ke nan. NC State, wadda ta zo ta 10 a rukunin ACC, ta ci wasa biyar cikin kwana biyar ta ɗauki kofi. Oregon ma ta ɗauki na Pac-12. Da aka karanta sunaye ranar Lahadi, Big East gurbi uku kacal ta samu: UConn, Marquette da Creighton. Seton Hall da ta ci wasa 13 cikin 20 a lig, da St. John's, da Providence da ta doke Creighton a kwata fainal, duk aka bar su a waje. Har yau ina ganin an zalunci Seton Hall a wannan shekara, kuma ta nuna haka da ta je ta cinye ƙaramar gasar NIT.

Zana jadawalin da hannunka

Ana samunsa a intanet, amma ni na fi son in ɗauki takarda da biro in zana, don abin da hannu ya rubuta ya fi zama a kai. Biyar na saman teburi ba sa wasa ranar Laraba, suna hutawa. Ranar nan ta 8 tana karawa da ta 9, ta 7 da ta 10, ta 6 da ta 11. Ranar Alhamis wasa huɗu ne: ta 1 da wadda ta fito tsakanin 8 da 9, sai ta 4 da ta 5, waɗannan da rana. Da dare kuma ta 2 da wadda ta fito tsakanin 7 da 10, sai ta 3 da wadda ta fito tsakanin 6 da 11. Juma'a da yamma wasannin kusa da na ƙarshe guda biyu, Asabar wasan ƙarshe.

A gefen kowace ƙungiya rubuta wasa nawa za ta buga kafin ta kai ga kofi. Wadda ta fara Laraba sai ta ci huɗu a jere ba hutun ko kwana ɗaya. Rubuta kuma yadda ƙungiyoyin biyu suka ƙare a karawarsu biyu ta lig. Wannan shi ne karo na uku da za su haɗu, kowa ya san sirrin kowa, ba sauran dabarar da za ta ba wani mamaki. Shi ya sa wasannin wannan gasa suke da tsauri, maki ba ya yawa, ƙarfi da haƙuri ke raba gardama.

Wace rana za ka je

In kuɗinka na rana ɗaya ne, je ranar Alhamis. Na san kowa wasan ƙarshe yake so ya ce ya gani, amma tikitin Asabar ya fi tsada kuma wasa ɗaya ne. Ana sayar da tikiti ne zama-zama: tikitin zaman rana na Alhamis wasa biyu ne, na zaman dare ma biyu. A ranar ƙungiyoyi takwas na nan da ransu, magoya bayan kowacce sun cika gari, kuma a ranar ne masu bakin ƙofa ke buga wasan rayuwarsu.

Ranar Alhamis ce, 10 ga Maris 2011, na fara shiga filin da ƙafata. Na ajiye mota, na sayi tikitin zaman rana can sama kusa da rufi. UConn ta zo ta 9 a shekarar, lokacin ƙungiyoyi 16 ne a rukunin, ta riga ta buga wasa biyu a kwana biyu, ga ta gaban Pittsburgh wadda ta zo ta ɗaya. Maki 74 da 74, saura 'yan daƙiƙu, ƙwallo na hannun Kemba Walker, yaron Bronx. Abokin wasansa ya zo ya tare masa mai gadinsa, sai dogon Pittsburgh, Gary McGhee, ya tsinci kansa shi kaɗai a gaban Kemba. Daga inda nake ina ganin filin kamar faranti, na ga sauran 'yan wasan sun ja gefe sun bar su su biyu. Kemba ya yi kamar zai kutsa, ya ja baya, ya sake kutsawa, ya sake ja da baya da tsalle, ƙafafun McGhee suka harɗe ya zube ƙasa. Ƙwallon na iska ƙararrawa ta yi kuka, ta faɗa raga. Wani Bature da ban taɓa gani ba ya rungume ni har hulata ta faɗi. UConn ta ci wasa biyar cikin kwana biyar a makon nan, Kemba ya zuba maki 130, sannan suka wuce suka ɗauki kofin ƙasa.

Ga wata dabara ta samun tikiti da sauƙi. Magoya baya da yawa sukan sayi na dukan kwanakin tun da wuri. Da zarar an fitar da ƙungiyarsu sai su zuba sauran a kasuwa don su koma gida. Saboda haka in kana son na Juma'a ko Asabar, duba farashi a manhajar sayar da tikiti jim kaɗan bayan an tashi daga wasan da ya gabata. Farashin ya danganta da waɗanda suka rage. In St. John's ko UConn na ciki, tikiti zai yi wuta, don St. John's 'yar gari ce daga Queens, wasu wasanninta na gida ma a wannan fili take bugawa, su kuma mutanen Connecticut jirgin ƙasa ɗaya ne ya kawo su. In kuwa waɗanda suka rage na nesa ne, kamar Creighton daga Omaha ko Marquette daga Milwaukee, farashi yakan sauko. Kada ka sayi tikiti a hannun mai tallar bakin titi. Na taɓa yi sau ɗaya, na'urar bakin ƙofa ta ƙi karɓa, na juya ban ga mutumin ba. Yanzu tikitin a waya yake, sai ka tabbata wayarka na da caji kafin ka fito.

Zuwa filin, salla da abinci

Kada ka zo da mota. Ni direba ne, kuma ina gaya maka wurin ajiye mota a wannan unguwa zai ci maka kuɗin tikiti na biyu. Filin yana kan tashar jirgin ƙasa ta Penn Station ne daidai, tsakanin Seventh Avenue da Eighth Avenue, daga titi na 31 zuwa na 33. Daga Bronx ko Harlem ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba 2 ka sauka a titi na 34, ko A da C da E in ta ɓangaren Eighth Avenue ka fito. Masu zuwa daga New Jersey ko Philadelphia ko Washington jirginsu a ƙarƙashin filin yake tsayawa. Ka iso da minti 45 a hannu saboda layin bincike, kuma kada ka ɗauko babbar jaka. Filin yana ɗaukar mutum kusan dubu 20, kuma ko daga sama ana ganin wasa sosai. In za ka zaɓa, zaɓi gefen fili ko da can sama ne, ya fi bayan kwando, don daga gefe ne kake ganin yadda ƙungiya ke shirya tsaronta.

Ba a shiga da abinci daga waje, kuma in ka fita ba ka dawowa da tikitin nan. Na ciki kuwa tsada gare shi. Ni nakan ci shinkafa da kaza wajen masu kekunan abincin halal da ke kewayen unguwar kafin in shiga. Zaman rana yana farawa ƙarfe 12 ya kai wajen biyar, ka ga Azahar na ciki. Nakan yi alwala tun kafin in zauna, in ajiye ƙaramar darduma a aljihun riga, in jira tazarar da ke tsakanin wasa na farko da na biyu, wadda takan kai kusan rabin awa. Sai in sami ma'aikaci in gaya masa ina neman lungun da ba zan tare hanya ba na minti biyar. Magariba a tsakiyar Maris tana faɗuwa wajen ƙarfe bakwai in an riga an canza agogo, daidai lokacin fara zaman dare. A 2024 da 2025 gasar ta faɗo cikin Ramadan, na sha ruwa ina kan kujera ana jefa ƙwallon farko. Ranar Juma'a ba matsala, sai ka sallaci Juma'a a natse, wasa sai yamma.

Abin da za ka sa wa ido in an fara

Wanda ya saba da NBA sai ya gyara lissafinsa. A nan rabi biyu ake yi, kowanne minti 20. Ƙungiya na da daƙiƙa 30 ta jefa ƙwallo. Laifi biyar ke fitar da ɗan wasa, ba shida ba. In an tashi kunnen doki a ƙara minti biyar, a yi ta ƙarawa har sai an sami gwani.

Allon laifuka shi ne abin da na fi kallo bayan allon maki. In babban ɗan wasa ya yi laifi biyu tun farkon rabin farko, yawancin masu horarwa sukan zaunar da shi har hutun rabin lokaci, kuma a wannan tazara ce ƙaramar ƙungiya ke samun damar tserewa. Sannan akwai laifukan ƙungiya gaba ɗaya a kowane rabi. Daga na bakwai, wanda aka yi wa laifi yana zuwa layin jifan kyauta, amma sai ya ci na farko kafin a ba shi na biyu. Daga na goma kuwa biyu ake ba shi kai tsaye. Wannan tsakani na bakwai zuwa tara shi ne inda wasanni da yawa ke juyawa. Yaro ɗan shekara 19, mutum dubu 20 na masa ihu, in ya ɓarar da na farko shi ke nan, galibi ƙwallo takan koma hannun abokan hamayya. Kafin wasa, duba waye ba ya iya jifan kyauta a kowace ƙungiya, don shi za a riƙa yi wa laifi da gangan a mintin ƙarshe.

Abu na biyu ƙafafu ne. Ƙungiyar da ta buga jiya takan fara da zafi, don hannunta ya riga ya saba da kwandunan filin, ita kuwa wadda ta huta takan yi sanyi a minti goman farko. Kada wannan ya ruɗe ka. Jira sai saura minti takwas a tashi. In ka ga jifan nesa yana dukan gaban ƙarfen kwando yana dawowa, gajiya ce ta kama su, ƙafa ta daina ɗaga jiki. In ka ga ɗan wasa ya dafa gwiwoyinsa ana shirin jifan kyauta, ko ya daina bin ƙwallon da ta ɓallo daga kwando, labari ɗaya ne. A nan ne ƙungiyar da ke da 'yan canji takwas ko tara masu amfani take cin wadda ta dogara da mutum shida. Ana tsayar da wasa don talla a tsayawar farko bayan agogo ya sauka ƙasa da minti 16, da 12, da 8, da 4 a kowane rabi, kuma koci mai wayo yana lissafa hutun 'yan wasansa da waɗannan tsayawa.

Ka kuma lura da 'yan ajin ƙarshe na ƙungiyar da ake shirin fitarwa. In saura daƙiƙu kaɗan kuma ba sauran fata, koci yakan fitar da su ɗaya bayan ɗaya don jama'a su tafa musu. Mafi yawansu ba za su taɓa buga NBA ba, wannan ne karo na ƙarshe da za su sa rigar makarantarsu. Ko ƙungiyarka ce ta ci, tashi ka tafa.

In daga gida kake kallo

Tsakanin New York da Nijeriya ko Nijar awa biyar ne in Amurka ta riga ta tura agogonta gaba, wanda take yi ranar Lahadi ta biyu a watan Maris. A wasu shekaru, kamar 2023, gasar takan riga canjin agogon, sai tazarar ta zama awa shida. Mutanen Ghana su rage awa ɗaya. A shekarar awa biyar, wasan farko na Alhamis yana kamawa ƙarfe biyar na yamma a Kano, na biyu wajen bakwai da rabi, lokaci mai daɗi ke nan. Zaman dare kuwa sha biyun dare yake farawa, wasa na ƙarshe ya kai ka har gab da Asuba. Wasan ƙarshe na Asabar yakan fara wajen sha ɗaya da rabi na dare agogon Nijeriya. Tashar Fox ce ke nuna shi a Amurka. In ba ka da hanyar kallo kai tsaye, manhajojin wasanni suna kawo maki daƙiƙa bayan daƙiƙa ba tare da cin data mai yawa ba, kuma da safe za ka sami taƙaitaccen bidiyon wasan a YouTube.

Zaɓi ƙungiya ɗaya ka bi, don kallo ba gefe ba ya da gishiri. In tarihi kake so, Georgetown da UConn kowacce na da kofi takwas zuwa 2025, kuma ta cikinsu ne 'yan wasan NBA Dikembe Mutombo da Emeka Okafor suka bi. In kana son mai neman sa'a, ga Creighton, wadda ta kai wasan ƙarshe sau biyar daga 2014 zuwa 2025 ba ta ɗauka ko sau ɗaya ba. Ni dai St. John's nake yi saboda zaman gari ɗaya, kuma na daɗe ina haƙuri kafin 2025, lokacin da kocinsu Rick Pitino ya kai su suka doke Creighton da 82 da 66, kofinsu na farko tun shekarar 2000. A wasan kusa da na ƙarshe na shekarar Zuby Ejiofor na St. John's ya zuba wa Marquette maki 33, kuma a daren nan ban ɗauki fasinja ko ɗaya ba.

Bayan an miƙa kofi ranar Asabar, 'yan wasa sun hau tsani sun yanke ragar kwando kowa ya ɗauki ɗan zare, kada ka yar da takardarka. Washegari Lahadi da ƙarfe shida na yamma agogon New York, sha ɗayan dare a Nijeriya da Nijar, tashar CBS take karanta sunayen waɗanda suka shiga babbar gasa. Ɗauko takardar, ka sa alama a gaban kowace ƙungiyar Big East da aka kira, ka duba masu bakin ƙofan da ka ware tun ranar Laraba ka ga wa ya shiga, wa aka bari. In an ce wata cikinsu za ta buga a Dayton ta jihar Ohio, to tana cikin na ƙarshen da aka ɗauka, kuma wasanta Talata ne ko Laraba, kwana biyu ko uku kacal bayan an kira sunanta.